Hukuncin Ceton Wanda Numfashinsa Ya Yanke, Da Sabuwar Hanyar Yin Sa

 Darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala wadda ke tsakanin fiƙihu da likitanci, watau abin da ya wajaba a kan Musulmi idan mutum ya yanke jiki ya faɗi a gabansa, ko aka tsamo yaro daga ruwa ba ya motsi ba ya numfashi. A cikin watan Oktoba na 2025 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka da takwararta ta ƙasashen Turai suka fito da sababbin ƙa'idojin farfaɗo da irin wannan mutum, aikin da likitoci ke taƙaita sunansa da haruffan CPR. Sun saba sabunta waɗannan ƙa'idoji duk bayan shekara biyar, saboda haka wanda ya koyi aikin agaji shekaru ashirin da suka wuce lalle ne ya sake zama gaban malami.

Maganar ta fi kamari ga mutanen kudancin Jihar Kano, watau ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Ga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala cikin 1974, masunta da yara suna shigarta kullum. Ga kududdufai da rijiyoyi a kowane ƙauye, ga ramukan haƙar kuza na wajen Riruwai, ga rugagen Fulani a dajin Ɗansoshiya da gefen Falgore, inda kafin a sami mota a kai mutum asibiti sai a ci sa'a guda ko fiye. Alhali kuwa likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwar ɗan Adam takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 da yankewar jini gare ta. Ashe ke nan a irin waɗannan wurare babu wani likita da zai riski mutum a cikin wannan ɗan lokaci, sai dai wanda Allah Ya sa yana tsaye kusa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutane kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a duniya cikin 2021, kuma a ƙarshen watan Nuwamba na shekarar ne jirgin ruwa ya kife a Bagwai da mutane, galibinsu ɗaliban makarantar Islamiyya, aka rasa fiye da ashirin.

Game da hukunci kuwa, babu saɓani cewa kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin tsare su. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita ceton rai guda da ceton mutane gaba ɗayansu. Ceton wanda ke cikin halaka farilla ce ta kifaya, idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, amma in babu kowa a wurin sai mutum ɗaya, to ta zama farilla a kansa shi kaɗai. Mazhabar Imamu Malik ta tsananta a nan fiye da yadda mutane da yawa ke zato. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu an bayyana cewa wanda ya iya kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka, sa'an nan ya bari, to akwai lamuni a kansa. An kuma bayyana cewa mai salla in ya ga makaho zai faɗa cikin hatsari wajibi ne ya yi magana ya cece shi, ko da yake sallarsa ta ɓaci sai ya sake. To in an yanke salla saboda makaho da rijiya, ina ga mutumin da ya faɗi cikin sahu numfashinsa ya ɗauke?

Akwai wata shubuha da kan hana mutane motsawa, ita ce cewa wanda numfashinsa ya yanke ai ya riga ya cika, abin da ya rage sai a rufe masa ido a lulluɓe shi. Malaman fiƙihu na da ba su yi wannan gaggawa ba. Sun lissafa alamomin mutuwa, kamar yankewar numfashi da kafewar ido da saki na leɓɓa da faɗuwar ƙafafu, amma duk da haka da suka ce an so a gaggauta shirya mamaci sai suka togace wanda ruwa ya ci, masu sharhi kuma suka haɗa da wanda tsawa ta faɗa wa, da wanda gini ya rufta masa, da wanda ya mutu farat ɗaya. Dalilinsu shi ne tsoron kada a binne mai rai. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu cikin 1198, shi alƙali ne kuma likita, ya kawo wannan mas'ala a cikin Bidayatul Mujtahid, har ya ƙara da cewa wasu marasa lafiya sun fi wanda ruwa ya ci cancantar a jinkirta musu. Waɗannan bayin Allah sun gane akwai wani tsakani da ke bin yankewar numfashi wanda ba a iya yanke hukuncin mutuwa a cikinsa. Abin da suke da shi a zamaninsu shi ne jira. Abin da aka samu yanzu shi ne aikin da za a yi a cikin jiran.

Haka nan Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman cikin 1986, ta yanke cewa ana hukunta mutum da mutuwa idan zuciyarsa da numfashinsa suka tsaya cak, likitoci kuma suka tabbatar babu dawowa, ko kuma ayyukan ƙwaƙwalwarsa duka suka mutu. Mai karatu ya lura da sharaɗin rashin dawowa. Tsayawar zuciya ta minti biyu ko uku ba ta cika wannan sharaɗi ba. Masu cewa danna ƙirji jayayya ce da ajali kuwa, sai a tuna musu Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, bai kuwa ɗauki wannan a kan gudun ƙaddara ba. Wanda kwanansa ya ƙare babu dannar da za ta dawo da shi, wanda kuwa ke da saura, to hannun maƙwabcinsa yana iya zama sababin.

Shi wannan aiki ba tsoho ba ne. Tun 1767 aka kafa wata ƙungiya a Amstadam ta ƙasar Holan domin farfaɗo da waɗanda ruwa ya ci, amma sai cikin shekarun 1950 likitoci biyu, Peter Safar da James Elam, suka tabbatar da amfanin hura iska baki da baki, sa'an nan cikin 1960 wasu masana uku na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka nuna danna ƙirji daga waje yana tura jini ba sai an tsaga mutum ba. Hikimar abin ita ce, zuciya tana zaune tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya, in aka danna sai jini ya fita zuwa ƙwaƙwalwa, in aka saki sai ta sake cika. Iskar da mutum ke fitarwa kuma ba ta ƙare amfani ba, gama iskar sarari tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda ake fitarwa kuwa tana da saura kamar kashi 16.

To ga yadda ake yi wa baligi bisa ƙa'idar yanzu. Da farko mai ceto ya duba kansa, kada a yi biyu babu. In lantarki ne ya kama mutum, a kashe wutar tukuna, ko a ture wayar da busasshen itace. In rijiya ce, a sani wasu rijiyoyi iskar cikinsu ta ɓaci, sau da yawa mutum ya faɗa, na biyu ya bi shi, na uku ya bi na biyu, duka a rasa su. In ruwa ne, wanda bai iya iyo ba ya miƙa gora ko igiya, ko ya jefa jarkar da babu kome ciki. Bayan wannan sai ya dafa kafaɗun mutumin ya kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, nan take ya nuna mutum guda da yatsa, ya kira sunansa ya ce ya buga waya, ko ya nemo mota da malamin asibiti, domin in aka ce "a kira mota" cikin taro kowa sai ya zaci wani ya tafi. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta jami'an kiyaye haɗurra a kan hanya kuma 122.

Sa'an nan ya dubi ƙirjin mutumin, kada ya wuce daƙiƙa 10. A nan ne aka fi yin kuskure. Mutumin da zuciyarsa ta tsaya sau da yawa yakan yi ta wani irin kakari, yana jan iska jefi-jefi kamar kifin da aka fitar daga ruwa, wani lokaci har da 'yar fizge-fizge mai kama da farfaɗiya. Wasu su ce ai yana numfashi a bar shi ya huta, wasu su ce gargara ce a fara masa kalmar shahada. Likitoci sun ce wannan kakari alama ce ta tsayawar zuciya, kuma alama ce cewa abin bai daɗe da faruwa ba, watau lokacin da danna ƙirji ya fi amfani ke nan. Laluben jijiyar wuya ko ta hannu kuwa, tun shekarar 2000 aka ɗauke wa wanda ba ma'aikacin lafiya ba, don an ga yana ɓata lokaci kuma yana yawan kuskure. Ƙa'idar 2020 ta ƙarfafa cewa in ana shakka a fara dannawa, gama cutar da za a yi wa wanda zuciyarsa ke bugawa kaɗan ce in an gwada da ta barin wanda tasa ta tsaya.

A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba a kan katifa mai laushi ba. Mai ceto ya durƙusa gefensa, ya ɗora gindin tafin hannu ɗaya a tsakiyar ƙirji, kan rabin ƙashin ƙirji na ƙasa, ya ɗora ɗaya hannun bisa na farko, ya miƙe gwiwoyin hannunsa, ya riƙa dannawa da nauyin jikinsa. Zurfin dannawa santimita 5 zuwa 6, watau kamar inci biyu. Sauri kuwa sau 100 zuwa 120 a minti guda, kusan biyu ke nan a kowace daƙiƙa, kamar luguden mata biyu a turmi ɗaya. Bayan kowace dannawa ya bar ƙirjin ya taso sarai. In ya danna sau 30, sai ya ɗaga haɓar mutumin, ya kwantar da goshinsa baya, ya toshe masa hanci, ya hura masa iska a baki sau biyu, kowace kamar daƙiƙa guda, yana kallon ƙirjin ya taso, kana ya koma dannawa ba tare da jinkiri ba. Waɗanda suka koya da daɗewa za su tuna da 15 da 2, amma tun 2005 aka mai da shi 30 da 2, tun 2010 kuma aka gabatar da dannawa a kan hura iska. In akwai mutum biyu su riƙa karɓar juna duk bayan minti biyu, don aikin yana da gajiyarwa ƙwarai, mai yi kuma ba ya gane hannunsa ya yi sanyi. Haƙarƙari yakan karye wani lokaci, musamman ga tsofaffi. Kada wannan ya sa a tsaya, domin ƙa'idar fiƙihu ce a ɗauki ƙaramar cuta a tunkuɗe babba, karaya kuwa tana ɗoruwa.

Wanda bai koyi hura iska ba, ko yake ƙyamarta, ko tsoron ɗaukar cuta, to ya yi ta dannawa kawai ba ƙaƙƙautawa. Tun 2008 aka yarda da wannan ga baligin da ya faɗi farat ɗaya, saboda jininsa yana da sauran iska ta 'yan mintoci. Da babu gara ba daɗi.

Amma fa wanda ruwa ya ci hukuncinsa dabam ne, kuma wannan shi ya fi shafar mutanen bakin Tiga. Shi rashin iska ne ya tsayar da zuciyarsa, saboda haka hura iska ita ce rabin maganinsa. Cikin 2024 likitocin zuciya da na yara a Amurka suka fito da bayani na musamman suna jaddada a haɗa masa hurawa da dannawa. Mutanen Turai sun ce a fara masa da hurawa biyar, na Amurka sun ce biyu, sa'an nan a shiga 30 da 2, kuma kowanne aka bi ya yi. Abin da ba shi da asali shi ne al'adar nan ta kifa yaro, ko riƙe ƙafafunsa a sama, ko danna masa ciki wai don ruwa ya fita. Ruwan da ke fitowa na tumbi ne, yana iya komawa huhu tare da amai, mintocin da ake buƙata kuwa sun tafi. In ya yi amai ana cikin aiki, a juya shi gefe a share bakin a ci gaba. Duk wanda aka farfaɗo da shi daga ruwa, ko da ya tashi yana magana, a kai shi asibiti, gama huhunsa yana iya rikicewa bayan sa'o'i. Haka wanda tsawa ta faɗa wa, babu wata wuta da ta saura a jikinsa, taɓa shi ba ya cutarwa, kuma yana cikin waɗanda aka fi sa ran su farfaɗo in an yi hanzari. Yayyafa ruwa, da shaƙa albasa, da ɗura wa wanda ya suma ruwa ko rubutu a baki, duk a bar su. Addu'a kuwa ba ta hana hannu aiki.

Yaro ana danna masa kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjinsa, da hannu ɗaya ko biyu gwargwadon girmansa, kuma shi ma hura iska tana da muhimmanci gare shi. Ga jariri an sami canji cikin 2025. A da ana koyar da danna masa da yatsu biyu, yanzu likitocin Amurka sun janye wannan don an ga ba ya kai zurfin da ake so, kamar santimita 4. Sai dai a rungumi ƙirjinsa da hannu biyu a danna da manyan yatsu biyu, ko a yi da gindin tafin hannu ɗaya. Wajen hurawa a haɗa bakinsa da hancinsa, a hura kaɗan.

Wani canjin kuma ya shafi wanda abinci ya shaƙe, kamar tsokar nama ko gyaɗa ko ƙwallon goruba. In yana iya tari a bar shi ya yi ta tari. In ya kasa magana da numfashi, ƙa'idar 2025 ta ce a sunkuyar da shi a buga masa tsakanin kafaɗu da gindin tafin hannu sau 5, sa'an nan a tsaya bayansa a dunƙule hannu bisa cibiyarsa a fizgo ciki da sama sau 5, a yi ta maimaitawa. Jariri ba a matsa masa ciki, sai a kifa shi a kan hannu kansa na ƙasa a buga bayansa sau 5, a juyo shi a danna ƙirji sau 5. Mace mai tsohon ciki ita ma a ƙirji ake matsa mata. Kada a zura yatsa cikin baki ana lalube in ba a ga abin ba. In mutum ya suma, sai a kwantar da shi a shiga danna ƙirji.

Saura mas'alar da aka fi jin nauyinta, watau namiji ya danna ƙirjin matar da ba muharramarsa ba. Wannan nauyi ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. Wani bincike da aka buga a Amurka cikin 2018 ya nuna cikin waɗanda suka faɗi a bainar jama'a, maza kashi 45 cikin 100 sun sami mai taimakonsu, mata kuwa kashi 39. A Shari'a, in akwai mace ko muharrami wanda ya iya, shi ya fi cancanta. In babu, lalura tana halatta abin da aka hana, ana kuma auna ta gwargwadon buƙata: ya yi abin da ceto ke bukata, sauran jama'a su juya baya ko su kare ta da zane. Ana iya dannawa ta bisa riga. Imamul Buhari ya ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa mata sun kasance suna jinyar waɗanda aka raunata a wurin yaƙi, tarihi kuma ya kiyaye sunan Rufaida, wadda aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu hemarta bayan yaƙin Handaƙ. A mazhabar Malikiyya ma shafar da babu nufin jin daɗi kuma ba a same shi ba, ko alwala ba ta warwarewa. Mutumin da ya tsaya yana kallon mace tana mutuwa yana kiran abin tsantseni, ya jahilci tsantseni. Maganin wannan nauyi na dindindin shi ne a koya wa mata aikin a makarantun Islamiyya na matan aure, tun da yake yawancin faɗuwar yara da tsofaffi a cikin gida take faruwa, inda su ne a kusa.

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya kada a yi wa mutane romon baka. Ko a Amurka, cikin mutum goma da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti kamar ɗaya ne ke rayuwa. Danna ƙirji yana ninka wannan rabo sau biyu ko uku, amma ga mai ciwon zuciya yawanci riƙe ƙwaƙwalwa kawai yake yi kafin a kawo na'urar nan mai girgiza zuciya da lantarki, wadda ake kira AED. Ita wannan na'ura tana magana tana gaya wa mutum abin da zai yi, kuma ya kamata masu hali su san ajiye ta a babban masallacin Juma'a ko tashar mota, kamar ta Kwanar Ɗangora, sadaka ce mai gudana. Wanda ruwa ya ci kuwa, da wanda ya shaƙe, da yara, sau da yawa hannu da baki kaɗai sukan isa. Masu tsoron a kama su da laifi in sun kai mutum asibiti su sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa.

Karatu a jarida ba ya maye gurbin gwaji da hannu. Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya tana koyar da wannan aiki a kan mutum-mutumin roba, 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam kuma su ne suka fi dacewa su sabunta iliminsu su kai shi ƙauyuka. Ƙa'idar 2025 ta ce yaro ɗan shekara 12 yana iya koyonsa sosai, saboda haka alarammomi da shugabannin makarantu ba su da uzurin cewa ɗalibansu sun yi ƙanƙanta.

Ana ci gaba da dannawa har mutum ya motsa ya kama numfashi daidai, sai a kwantar da shi a gefensa ana lura da shi. Ko kuma har ma'aikatan lafiya su karɓa, ko masu ceto su gaji liƙis babu mai karɓarsu, ko wurin ya zama da hatsari. In za a ɗauke shi, a sa shi a bayan motar da za a iya ci gaba da aikin, don a kan babur ba ya yiwuwa. Wanda aka tarar gaɓoɓinsa sun riga sun sandare ba a yi masa wannan aiki. Haka tsohon da ya daɗe yana jinyar ajali, likita ya riga ya sanar da iyalinsa, shi haƙƙinsa a zauna kusa da shi a laƙƙana masa kalmar shahada cikin natsuwa, in ya cika a rufe masa ido. Allah Shi ne Mafi sani.